Mita nawa jirgin ruwa ke ci kafin ya tsaya?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya shanye gonaki da dazuzzuka daga Ngaski har zuwa wajejen Yauri, amma kututturan itatuwan da ya rufe suna nan a ƙarƙashinsa. Matuƙin jirgi mai inji ba ya hango su sai ya zo daf, ga shi jirgin ruwa ba shi da birki. Abin da ke tsakaninsa da kututturen ƴan mitoci ne, kuma lissafinsu shi ne wanda ɗaliban sakandare a Yelwa ke haddacewa domin jarrabawar WAEC: s = ut + ½at².

A nan u saurin farko ne, t lokaci, a kuma yadda saurin ke ƙaruwa ko raguwa a kowace daƙiƙa, s ita ce tazarar da aka yi daga inda aka fara.

A ce jirgi na gudun mita 6 a daƙiƙa, matuƙi ya kashe inji, ruwa na rage masa mita 1 daga saurinsa duk daƙiƙa. Zai tsaya bayan daƙiƙa 6. Tunda ya fara da 6 ya ƙare da sifiri, matsakaicin saurinsa 3 ne. 3 sau 6, mita 18. Ƙa'idar ma haka za ta ba ka, 36 a cire 18, muddin ka sa wa harafin a alamar ragi. A wannan alamar ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, su tara maimakon su cire, su samu 54.

To, ninka gudun zuwa mita 12. Yanzu tsayawa sai daƙiƙa 12, matsakaicin sauri 6, tazara mita 72. Gudu ya ninka sau biyu, tazara ta ninka sau huɗu! Galileo ya bayyana wannan alaƙa tun 1638, yana gangaro da ƙwallaye a kan katako. Kafin ma hannun matuƙi ya kai ga inji, daƙiƙa guda ta cinye mita 12.

Gaskiya ruwa ba ya rage gudu daidai wa daida kamar a littafi. Turjiyarsa na sauka yayin da jirgi ke lafawa. Lodi ma na da tasa rawar, domin jirgin da aka danƙara wa buhuna da babura da fasinjoji ya fi wuyar tsayarwa. Mutanen Warra da ke bakin wannan ruwa ba su manta da 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgi maƙare da jama'a ya nitse, gwamman rayuka suka salwanta, jami'ai suka ɗora laifin a kan lodi fiye da kima.

Shi ya sa nake ganin malamin kimiyya a wannan yanki bai kamata ya riƙa kafa misali da jirgin ƙasan da ɗalibansa ba su taɓa shiga ba. Ya kai su bakin ruwa ranar kasuwa da agogon waya, su auna daƙiƙa nawa jirgi ke yi daga kashe inji zuwa taɓa gaɓa.