Bizar Hutu da Aiki: Fasfo Ake Dubawa Kafin Takardar Makaranta

Daga cikin maganganun da ke yawo a wayoyin matasan Shabu, garin da ke bakin Lafiya a kan hanyar Akwanga, akwai batun wata biza da ake cewa tana kai mutum Ostireliya ko Kanada ya yi aikin gona ko na otal, ko da bai taɓa taka jami'a ba. Bizar dai akwai ta, sunanta bizar hutu da aiki, wato izinin da wata ƙasa ke bai wa baƙon matashi ya zauna shekara ɗaya ko biyu yana yawon buɗe ido, yana kuma ƙwadago don ɗaukar nauyin kansa. Haka nan gaskiya ne cewa nau'in da Ostireliya ta yi wa lamba 417 bai buƙaci digiri ba, domin babban sharaɗinsa shekarun haihuwa ne, daga 18 zuwa 30, ko 35 ga 'yan wasu ƙasashe.

Abin da dillalan biza ba sa faɗa shi ne, wannan biza tana tsayuwa ne a kan yarjejeniyar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda tsakanin gwamnatoci biyu, Nijeriya kuwa ba ta cikin jerin ƙasashen da Ostireliya ko Kanada ko Birtaniya suka ƙulla irinta da su. Saboda haka wanda ya gama Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu da wanda ya tsaya a sakandare duk kanwar ja ce a nan, tunda koren fasfo ɗaya suke riƙe da shi. Jita-jitar tana da tushe, domin Birtaniya ta taɓa gudanar da shiri makamancin wannan ga matasan ƙasashe renon Ingila, har da 'yan Nijeriya, amma ta rufe shi a Nuwamban 2008, sai dai labarinsa ya fi shi tsawon rai. Irin wannan tsohon labari ne ake sayarwa game da cacar bizar Amurka, wadda shaidar kammala sakandare ta wadatar a cikinta, alhali an cire haifaffun Nijeriya tun zagayen 2015.

Masu cewa marar digiri ba shi da hanya kwata-kwata su ma sun wuce gona da iri. Jamus ta fito da katin neman aiki a Yunin 2024, wanda ke karɓar shaidar koyon sana'a ta aƙalla shekara biyu da hukuma ta amince da ita, matuƙar mai nema ya nuna yana jin Jamusanci ko Ingilishi, yana kuma da kuɗin ciyar da kansa. Saudiyya ma tana ɗaukar direbobi da masu aikin gida ta hannun kafili, wato ubangidan da ke ɗaukar nauyin zaman ma'aikaci, amma bizar Umara ba ta halatta aiki, kuma wanda ya maƙale da ita ya zama takari, mai zaman ɓuya da fargabar kamu. A cikin gida, dokar ƙwadago ta wajabta wa duk kamfanin da ke tura ma'aikata waje ya mallaki lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ƙarar masu safarar mutane kuma hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ake kai wa.