Insulin Na Shaƙa Da Yaran Magarya Da Dungas

A watan Yunin 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izinin sayar da wani magani mai suna Afrezza. Insulin ne da aka busar aka mayar gari, ana ɗura shi a wata ’yar na'ura da girmanta bai fi na usur ɗin alƙalin wasa ba. Mai ciwon sukari zai zauna gaban akushi, ya sa ta a baki, ya zuƙa sau ɗaya da ƙarfi, sannan ya sa hannu a tuwo. Ƙasar Barazil ta amince da maganin a 2019, Indiya kuma a ƙarshen 2024. Da yake magunguna da yawa da ke kantunan Kano da Damagaram daga Indiya suke fitowa, ba abin mamaki ba ne wata rana a ji sunansa a bakin dillalan magani na yankinmu. Gara a san shi tun bai iso ba.

Wanda zai fi kowa murna da wannan labari shi ne uban da yake da yaro mai ciwon sukari nau'i na farko. Ciwon sukarin da aka saba gani ga dattawa da masu jiki nau'i na biyu ne. Jikinsu yana yin insulin, amma bai isa ba ko kuma ba ya aiki yadda ya kamata, shi ya sa ƙwaya da kiyaye abinci sukan riƙe su shekaru. Nau'i na farko daban ne. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke yin insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka da sauran sassan jiki don ya zama ƙarfi. A nau'i na farko garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke wannan aiki. Shan zaƙi bai kawo shi ba, uwa ba ta yi sakaci ba, kuma babu sassaƙe ko rubutun da zai maye gurbin abin da jiki ya daina yi. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da shi ba ya daɗewa. Wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, shi aka fara yi wa allurar a watan Janairun 1922, ya kuwa tashi. Tun daga ranar magani ɗaya ne: allura, kullum, har ƙarshen rai.

Me ya hana a haɗiye shi kamar sauran magunguna? Insulin ɗan gidan furotin ne, dangin abin da ke cikin nama da wake, tumbi kuma aikinsa ke nan narkar da irinsu. Kafin ya kai jini ya lalace. Sai masana suka waiwayi huhu, tun a shekarun 1920 ma an gwada a Jamus. A cikin huhun babban mutum akwai ’yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, da za a shimfiɗa su da sun rufe fili mai faɗin murabba'in mita 70 ko kusa da haka, kuma tantanin da ya raba iska da jini a wurin ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Duk abin da ya kai can ya narke, nan da nan yake shiga jini. Wahalar ita ce kai shi can ɗin: ƙwayar garin in ta yi girma sai ta maƙale a maƙogwaro, in ta cika ƙanƙanta sai ta fito tare da numfashi.

Kamfanin Pfizer ne ya fara kai irin wannan magani kasuwa, da sunan Exubera, a 2006. Bai yi shekara biyu ba ya janye shi a watan Oktoban 2007, ya rubuta asarar dalar Amurka biliyan 2.8. Na'urar ba ta shiga aljihu, lissafin awon yana rikita likita da majinyaci, kuɗin ya fi na allura, mutane kuma suka ƙi saye. A 2008 kamfanin ya sanar cewa an sami sankarar huhu ga mutum 6 cikin 4,740 da suka yi amfani da shi a gwaji, a cikin waɗanda ba su yi amfani da shi ba kuwa mutum 1 cikin 4,292. Dukkansu tsofaffin mashaya taba ne, adadin kuma bai isa a yanke hukunci ba, amma tsoro ya riga ya shiga. Kamfanonin Novo Nordisk da Eli Lilly ma sun watsar da nasu a shekarar, tun kafin wannan sanarwa. Wani attajiri mai taurin kai, Alfred Mann, shi kaɗai ya ƙi sauka. Ya zuba kusan dala biliyan guda daga aljihunsa a kamfaninsa na MannKind, FDA ta mayar da shi baya sau biyu, a karo na uku Afrezza ya wuce.

Abin da Afrezza ya fi allura da shi sauri ne. Cikin minti 12 ko makamancin haka ya fara aiki, kafin awa guda ya kai ƙololuwa, bayan awa biyu zuwa uku ya fice daga jiki. Insulin ɗin kwalba da aka fi samu a ƙasashenmu kuwa sai an yi allurarsa da rabin awa kafin cin abinci, sannan ya yi ta aiki har awa shida zuwa takwas, ko akwai abinci a ciki ko babu. A nan ne nake ganin maganin shaƙa ya dace da rayuwar ƙauye fiye da yadda masu yin sa suka zata. Yaro a Yekuwa ko Dogo-Dogo ba shi da faranti nasa shi kaɗai. Kwano ɗaya ne da ’yan'uwansa, bai san loma nawa za ta kai gare shi ba. Fura tana isa gona lokacin da ta isa. Tsakanin shuka da kaka rumbu yakan yi ƙasa, abincin dare yakan zama na wa-ka-ci-ka-tashi. Wanda ya yi allura da safe yana jiran abincin da bai zo ba, ga noma a rana, sukarinsa zai faɗi, ya yi gumi, jiki ya ɗauki rawa, ya faɗi sumamme a kunya. Maganin da ake sha sai abinci ya zo gaba, ya kuma fita da wuri, yana rage wannan hatsari. Akwai kuma budurwar da ke ɓoye sirinji kada dangin saurayi su gani. Ita ma za ta so abin da ba ya barin tabo a cinya.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Jiki yana buƙatar insulin iri biyu: na lokacin abinci, da wanda ke gudana a hankali dare da rana ko mutum bai ci komai ba. Afrezza gurbin na farkon kawai yake mayewa. Mai nau'i na farko dole ya ci gaba da allurar insulin mai dogon aiki aƙalla sau ɗaya a rana, in ya bari kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu jini zai fara tsami. Duk ɗan kasuwar da ya ce maka da wannan an rabu da allura, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka. Izinin 2014 ma na manya ne, ’yan shekara 18 zuwa sama. Wani gwaji da aka bayyana a 2024 kan manya 123 masu nau'i na farko a Amurka, na tsawon mako 17, ya nuna cewa in an haɗa kowa da kowa sakamakon masu shaƙa da na masu hanyar da aka saba kusan ɗaya ne: wasu sun gyaru ƙwarai, wasu sun taɓarɓare, musamman waɗanda ba sa ƙara shaƙa idan sukari ya sake hawa. Sanin ya hau kuwa sai da awo, sau da yawa a yini.

Sai batun huhun kansa. An hana maganin ga mai asma da mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, domin yana iya shaƙe musu hanyar numfashi nan take. Ba a ba mai shan taba, ko wanda bai yi wata shida da dainawa ba. Kafin a fara sai an auna ƙarfin huhu da na'urar hurawa, a sake bayan wata shida, sannan duk shekara. Tari shi ne ƙorafin da masu shansa suka fi yi. Yanzu a ɗora wannan a kan ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da hayaƙin kara da itace da ’yan mata ke shaƙa a madafa tun suna ƙanana, da tarin fuka da bai bar ƙasar ba. Adanawa ma da nata: a firij ake ajiye shi, in an fitar da fakitin a yi amfani da shi cikin kwana 10, wanda aka ɓare kuma cikin kwana 3, ita kanta na'urar ana yar da ita duk kwana 15. Kuɗinsa na wata guda a Amurka ɗaruruwan daloli ne. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa ana iya sayar da insulin ɗin kwalba na mutum ɗaya na shekara cur a kan dala 48 zuwa 71 kuma kamfani ya ci riba.

Gundumar Magarya, da Dungas wadda aka cire daga jikinta a 2011, suna cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta ba Magarya mutum sama da 570,000, Dungas sama da 350,000, kuma yau sun wuce haka da nisa. Fiye da rabi yara ne. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa kula da yara a Magarya saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro. A watan Satumban 2018 ƙungiyar ta ce yara sama da 700 ne kwance a asibitin Magarya, kuma kimanin goma ke rasuwa kowace rana. A cikin irin wannan cunkoso ne yaro mai ciwon sukari yake isowa, kuma kamanninsa ba su bambanta da na maƙwabcinsa a gado ba. Ya rame, yana amai, yana numfashi da sauri, hankalinsa ya gushe. Ga wanda ya ga yara ɗari masu zazzaɓi a ranar, wannan na ɗari da ɗaya ne. Ƙa'idar aiki ma ta ce yaron da ya suma da zazzaɓi, in babu abin awo, a ɗauka sukarinsa ne ya faɗi a ba shi ruwan sukari, don hakan ya fi yawa kuma yana ceton rai. Ga wannan yaron kuwa ƙarin wuta ne. A ƙauyukan Afirka da dama haka yara masu nau'i na farko ke tafiya ba tare da an taɓa rubuta sunan ciwonsu ba. Wani bincike da aka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa yaron karkarar Mozambik da ya kamu ba ya wuce wata bakwai. A Mali, da ƙungiyar Santé Diabète da shirin Life for a Child suka fara horar da ma'aikata da raba insulin kyauta daga 2007, yawan yaran da ake ganowa ya ninka sau da yawa cikin shekara goma. Da ma suna nan, gani ne ba a yi.

Wanda aka gano kuma wata sabuwa ke jiransa. Tun 2006 Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ’yan ƙasa da shekara biyar, nau'i na farko kuwa ya fi bayyana daga shekarun shiga makaranta zuwa balaga, wato bayan yaro ya fita daga rangwamen. Daga Magarya zuwa babban asibitin Damagaram tafiyar kusan kilomita 90 ce, daga Malawa ta fi haka. Wasu kan tsallaka Maigatari ko Babura ko Daura su sayo, kuma a nan akwai tarko: insulin iri biyu ne a kasuwa, mai awo 40 da mai awo 100 a kowace mililita, kowanne da sirinjinsa. In aka haɗa kwalbar 100 da sirinjin 40, yaro zai sami ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa. A duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji, su zama ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024, an ga yadda hanyar magani da sanyin firij suke rataye da siyasa.

Rashin firij kam yana da dabara, kuma a gida take. A 2021 MSF da Jami'ar Janeba suka buga sakamakon gwajin da suka yi bisa yanayin sansanin ’yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37: insulin ɗin kwalba bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗun da ake amfani da shi bayan buɗewa. Zafin Afrilu da Mayu a Damagaram yana haura 40, don haka ana buƙatar taimakon tukwane. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, maƙwabciyar Dungas, ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya. Gwajin da aka yi a Khartum aka buga a 2016 ya nuna irin waɗannan tukwane suna rage zafi ga insulin, musamman inda iska ta bushe. A sa kwalbar cikin gwangwani mai murfi kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, a riƙa jiƙa yashin.

A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijar da Najeriya, suka amince cewa kafin 2030 kowane mai nau'i na farko ya sami insulin da abin awon sukari a farashin da zai iya. Hanyar cika wannan alkawari a Magarya da Dungas ba ta bi ta na'urar shaƙa ba tukuna. Kamata ya yi hukumar lafiya ta jihar Damagaram ta tabbatar kowace cibiyar lafiya tana da na'urar awon sukari da ’yan takardun gwajinta, a soki yatsan duk yaron da ya zo a rame ko a sume, a kuma sa insulin da sirinji cikin abin da aka yafe ba tare da duba shekaru ba. Iyaye kuma, in yaro ya koma shan ruwa ba ƙoshi, yana yawan fitsari har ya dawo da fitsarin kwance, yana ci yana ramewa, ko kuka ga kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, kada ku jira ranar kasuwa. Ku kai shi asibiti a ranar, ku ce da bakinku a auna masa sukari.