Waɗanda Suka Leƙa Lahira Suka Dawo: Me Ke Sauya Halinsu?

A cikin Birnin Zariya, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya ka zauna da tsofaffi a zaure ba ka ji labarin wani da aka ce ya cika ba, har mata sun fara kuka, an aika a yanko likkafani, sai ga shi ya yi atishawa ya buɗe ido. Hausawa suna kiran wannan doguwar suma, su ce wane ya leƙa lahira ya dawo, yana da sauran shan ruwa a gaba. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne yadda mutumin yake zama bayan ya tashi. Sau da yawa iyalinsa kan ce an sauya musu shi. A kan wannan sauyi muke so mu yi tunani tare da masu karatu a wannan mako.

Abin da likitoci suka gano

Ikkilisiyar Hausawa ta Zariya ba baƙuwar aikin likita ba ce. Dokta Walter Miller na mishan ɗin C.M.S., wanda ya zauna a cikin birni tun 1905, da ɗakin magani da makaranta ya fara, kuma da aka koma Wusasa a 1929 aka ci gaba da majami'a da asibiti kafaɗa da kafaɗa. Saboda haka ba laifi mu saurari likitoci a kan wannan batu.

A 1975 wani Ba'amurke, Raymond Moody, ya wallafa littafi inda ya tattara labaran mutanen da suka kai bakin mutuwa suka farfaɗo. Labaran sun yi kama da juna ƙwarai: mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa yana kallonsa daga sama, ya bi ta wata hanya mai duhu zuwa ga haske, ya ji salama irin wadda bai taɓa ji ba, ya ga 'yan'uwansa da suka riga mu, ko kuwa a nuna masa dukan abin da ya aikata a rayuwarsa cikin ƙiftawar ido.

Bayan haka wani likitan zuciya na ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya bi diddigin mutum 344 waɗanda zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su a asibitoci 10. A rahoton da ya buga a mujallar Lancet a 2001, mutum 62, wato 18 cikin ɗari, sun ce sun ga irin waɗannan abubuwa. Sauran kuwa ba su tuna kome ba. Ya sāke komawa gare su bayan shekara 2, da kuma bayan shekara 8. Ya tarar waɗanda suka ga abin sun fi sauran rabuwa da tsoron mutuwa, sun fi gaskata cewa akwai rai bayan kabari, sun fi nuna ƙauna da tausayi, kuma sha'awar tara abin duniya da neman suna ta ragu a zuciyarsu. Amma sauyin bai zo dare ɗaya ba. Shekaru ya ɗauka kafin ya zauna.

Game da dalilin abin, bakin masana bai zo ɗaya ba. Waɗansu sun ce ƙwaƙwalwa ce ke wannan aiki sa'ad da jini da iska suka yanke mata, kuma a 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun ga ƙwaƙwalwar ɓeraye ta yi wani irin yunƙuri mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya. Waɗansu kuma, har da shi van Lommel, sun ce wannan bayani bai isa ba. A kan abu ɗaya dai kusan duk suka yarda: mutanen suna sauyawa.

Sauyin da ke zuwa da nauyi

Mu da muke zuwa gaida marasa lafiya a Wusasa da Tudun Wada da Shika, mun ga wannan da idonmu. Mun san magidanci ɗan kasuwa wanda ya farfaɗo bayan haɗarin mota a hanyar Kaduna. Kafin nan ko ranar Lahadi ba ya rufe shago. Da ya tashi, abu na fari da ya nema shi ne a kira masa ƙanensa da suka shekara bakwai ba sa ga maciji saboda gonar gado. Ya bar masa gonar, ya yafe basussuka da dama. Jama'a suka yi ta yabo. Amma a cikin gida fa? Uwargida ta zo wurinmu da hawaye, tana cewa, "Malam, maigida ya dawo, amma ba wanda na sani ba ne. Kuɗin makarantar yara ma sai ya ce Allah zai tanada." Ga alheri, ga kuma damuwa, a gida ɗaya.

Akwai kuma waɗanda suke dawowa da baƙin ciki, domin sun ɗanɗana salama an komo da su ga ciwo da talauci. Waɗansu abin tsoro suka gani, duhu da kaɗaici, sai su yi shiru don kada a ce alhaki ne ya kama su. Likita Bruce Greyson da Nancy Evans Bush sun rubuta a kan irin waɗannan a 1992. Abin da ya fi kamata ya tayar mana da hankali shi ne wannan: van Lommel ya lura cewa da yawa cikin mutanensa marmarinsu ga al'amuran ruhu ya ƙaru, amma zuwansu majami'a ya ragu. To, ina dalili? Mu a namu gani, sau da dama mu ne muke kore su. Wani ya yi musu dariya ya ce zafin zazzaɓi ne, wani ya ce aljanu ne, wani kuma ya ja su gaban bagade tun ba su warke ba, ya maishe su annabawan dole.

Ma'aunin Littafi Mai Tsarki

Mu tuna da Manzo Bulus. An jajjefe shi a Listira, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu (Ayyukan Manzanni 14). A 2 Korintiyawa 12 kuma ya ba da labarin mutumin da aka ɗauke zuwa sama ta uku. Ku lura, sai da shekara 14 ta wuce kafin ya rubuta, bai ma ambaci sunansa ba, bai kuwa bayyana abin da aka ji a can ba. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, duk da haka Bisharar Yahaya ba ta kawo mana ko kalma ɗaya daga bakinsa game da abin da ya gani ba. Wannan shiru darasi ne a gare mu.

A ƙarshen 2001 labarin Fasto Daniel Ekechukwu na Onica ya cika ƙasar nan, kaset ɗinsa ya shiga gidaje da yawa, aka yi ta gardama a kai, masu gaskatawa da masu musu. Amma abin da ya fi nanatawa, wato mutum ya gafarta wa matarsa tun yana da rai, yana nan rubuce a Matiyu 6 da 18 tun kafin a haife shi. Ubangiji Yesu ma, a misalin mai arziki da Li'azaru cikin Luka 16, ya gargaɗe mu cewa wanda ya ƙi jin Musa da annabawa, ko da wani ya tashi daga matattu ba zai rinjaye shi ba.

Kada kuma mu ɗauka leƙa kabari kaɗai yana gyara hali. Sarki Hezekiya ya yi ciwo har bakin mutuwa, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma 2 Tarihi 32 ta nuna girmankai ya shige shi daga baya, har sai da ya ƙasƙantar da kansa. Ashe ma'aunin shi ne 'ya'yan da rayuwar mutum ta haifa a kwana a tashi: gafara, tawali'u, riƙon amana da kula da iyali.

Abin da ya wajaba a kanmu

Da fari, in mutum ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke, kada a tsaya kuka da yayyafa ruwa. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin 'yan mintoci kaɗan. A danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi a kai a kai, ana addu'a, ana neman mota zuwa asibiti. Yana da kyau ƙungiyoyin matasa da zumuntar mata su gayyato ma'aikatan jinya na cikinmu su koya musu wannan. Kada kuma a yi gaggawar haɗa gawa sai likita ya tabbatar.

Na biyu, wanda ya dawo da labari, a saurare shi da natsuwa, ba dariya, ba kuma kambamawa. A bar shi ya huta, ya yi magana sa'ad da ya shirya. Fasto ko katikis ya zauna da shi a gwada abin da ya faɗa da Maganar Allah, kada a gina koyarwa a kansa.

Na uku, a tuna da iyalinsa. Dattawan ikkilisiya su shawarce shi kada ya raba dukiyarsa ko ya bar aikinsa cikin zafin sabon tunani, gama ciyar da gida ma sujada ce.

'Yan'uwa, mutuwa rigar kowa ce, kuma yawancinmu ba za a ba mu damar leƙawa mu dawo ba. Abin da waɗannan bayin Allah suka koyo da wahala, mu an ba mu shi a sauƙaƙe. In akwai ɗan'uwan da ba kwa gaisawa, ko bashin da ka danne, ko maƙwabcin da ka zalunta, Kirista ne ko Musulmi, je ka same shi tun kafin Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.