Babi na Tara: Kiyaye Zuciyar Mai Ciwon Nimoniya

Allah cikin hikimarsa ya ajiye huhu da zuciya a ƙirji guda, ya ɗaure aikin kowanne da na ɗan'uwansa, saboda haka idan nimoniya, wadda ake kira sanyin haƙarƙari, ta cika ƙananan jakunkunan huhu da ruwa da mugunya har iskar oksijin ta ragu cikin jini, zuciya ce ke ɗaukar ɗawainiya, domin zazzaɓi yana tilasta mata sauri alhali guzurinta ya yi ƙaranci, kumburi kuma yana sa jini saurin daskarewa. Binciken da aka buga a mujallar Circulation a 2012 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na manyan da aka kwantar saboda nimoniya sun gamu da illar zuciya, ko dai gazawarta, ko rikicewar bugunta, ko toshewar jijiyarta, kuma fiye da rabin waɗannan illoli cikin sa'o'i 24 na farko suka bayyana.

Don haka ranar farko ita ce mafi muhimmanci. Wajibi ne a soma maganin ƙwayoyin cuta ba da jinkiri ba, a maƙala wa majinyaci na'urar awon oksijin a yatsa, a sa masa iska in awon ya sauka, a kuma auna bugun zuciyar dattijo da mai hawan jini da mai ciwon sukari tun kafin su koka. Ƙarin ruwa ma sai da ƙa'ida, gama ledar da ta farfaɗo da saurayi tana iya cika huhun tsoho mai raunin zuciya. Likita yakan yi hattara da magunguna irin su azitromaisin da lebofuloksasin, waɗanda ke iya taɓa tsarin bugun, ya duba gishirin fotasiyam na jini, ya ba wanda ya daɗe kwance allurar hefarin mai hana daskarewar jini.

Mai jinya kuwa amanarsa ita ce ya kawo duk magungunan da majinyaci ke sha a gida, kada a yanke ɗaya sai da izinin likita, ya kuma kira ma'aikaciyar jinya nan take in ya ga ƙafa ta kumbura, ko majinyaci ya kasa kwanciya sai a jingine.

Sallama daga asibiti ba ta kawar da haɗarin, wanda ya fi tsanani a watan farko. Lalle a koma ganin likita, a bar taba, a nemi allurar rigakafin nimoniya da ta mura mai tsanani.