"Nonona Ba Ya Isar Sa": Aikin da Ke Gaban Ungozoma

A ɗakin masu haihuwa, kukan da mai jego ta fi yi shi ne ruwan nono bai zo ba, ko yaro ba ya ƙoshi. Ma'aikaciyar da aiki ya sha wa kai kuma, abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta ce a sayo madarar gwangwani. Alhali kuwa sau da yawa nonon lafiyarsa ƙalau, kamun da jaririn ya yi masa ne bai yi daidai ba. Wannan kuwa ba a gane shi sai an ja kujera an zauna an kalli uwa tana shayarwa.

Shi ya sa lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu goyon bayan shayarwa a 1991, suka ɗora shi a kan matakai goma. An sabunta su a 2018, kuma mataki na biyu ya tsaya ne a kan ma'aikata: su kasance da ilimi da ƙwarewar taimakon uwa. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nonon uwa zalla. Ana ta wa'azi ga iyaye mata a wurin awo. A ganina, masu wa'azin ne suka fi buƙatar horo na hannu.

Me ungozoma za ta duba? Bakin jariri ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa. Idan kan nonon kaɗai ya cafke, uwa za ta ji zafi, kan ya tsattsage, shi kuma ya yi ta tsotso ba ya samun abin kirki. Nonon da ba a janye ruwansa sai ya cika ya yi tauri, daga baya ruwan ya ragu, domin jiki yana samar da shi ne gwargwadon yadda ake janyewa. Ka ga ƙaramin kuskure ya haifi matsala uku.

Sai batun kwanakin farko. Dakashi, wannan ruwa mai kauri rawaya-rawaya da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko daga cututtuka. Kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar haihuwa bai wuce ya ɗauki kamar cokalin shayi ɗaya ba. Ruwan nono sosai yakan sauko ne a kwana na biyu zuwa na huɗu. A wannan tsakanin ne kaka ko gwaggo kan kawo ruwa, ko zuma, ko jiƙon dabino, da kyakkyawar niyya. Ungozomar da ta san aikinta ba za ta yi musu tsawa ba. Za ta jawo su cikin maganar tun lokacin awo, ta bayyana cewa fiye da kashi 85 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin bazara ya wadatar, kuma zuma na da haɗari ga yaron da bai kai shekara ba. Za ta kuma ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Ƙoshi kuma ana gane shi da fitsari, aƙalla sau shida a kwana ɗaya bayan kwana biyar, da dawowar nauyin haihuwa wajen mako biyu. Kuka kaɗai ba shaida ba ne.

Akwai inda gyaran kamu ba ya isa. Nono ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi: a ci gaba da shayarwa, amma likita ya duba. Bakwaini ba shi da ƙarfin tsotso, sai a tatsa a ba shi da ɗan kofi. Yaro mai linzami da ya hana harshensa motsi, ko wanda ya kasa kama nono gaba ɗaya yana ta barci, ko idonsa ya yi rawaya, asibiti za a kai shi a ranar, kafin a yi zancen kiran wanzami.