3.4 Kwararar Juyin Elektiron Tsakanin Makarin Lantarki na Tofoloji da Maganaɗisu

Masana kimiyyar fizik sun bayyana cewa kowane elektiron yana da siffofi guda biyu masu muhimmanci. Ta farko ita ce caji, wanda tafiyarsa a cikin waya ke samar da wutar lantarki. Ta biyu kuwa ita ce juyi, wanda ya mai da elektiron tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu mai fuskantar sama ko ƙasa. Idan elektiron masu fuskantar sama suka nufi wani gefe, masu fuskantar ƙasa suka nufi ɗaya gefen, to an sami abin da ake kira kwararar juyi.

Makarin lantarki na tofoloji wani nau'in sinadari ne da cikinsa ba ya barin wuta ta wuce, amma fatarsa tana bari. Kane da Mele (2005) suna daga cikin waɗanda suka fara hasashen samuwarsa, aka kuma tabbatar da shi ta hanyar gwaji a Jami'ar Würzburg ta ƙasar Jamus a shekarar 2007. A kan fatar wannan sinadari, alƙiblar juyin elektiron a ɗaure take da alƙiblar tafiyarsa. Saboda haka, da zarar an tura wuta ta kan fatar, sai juyin elektiron ya karkata zuwa fuska guda.

Amfanin wannan ɗabi'a yana fitowa ne idan aka shimfiɗa siririn maganaɗisu a kan fatar. Juyin da ya taru yakan tsallaka cikin maganaɗisun, ya tunkuɗi alƙiblarsa har ya iya kifar da ita. Da yake ana iya ɗaukar alƙibla ɗaya a matsayin 0, ɗayar kuma 1, wannan hanya ce ta rubuta bayanai a ma'ajiyar kwamfuta. A shekarar 2014, masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun auna wannan tunkuɗa a zafin ɗaki, inda suka haɗa bismut selenayid da gaurayen nikel da ƙarfe. A shekarar 2017 kuma aka yi nasarar kifar da alƙiblar maganaɗisu a zafin ɗaki, a Amurka da Singafo.

Sai dai kuma akwai matsaloli guda biyu. Ta farko, maganaɗisun ƙarfe ya fi makarin sauƙin ɗaukar wuta, don haka mafi yawan wutar takan bi ta cikinsa ta bar fatar. Ta biyu, giɓin ƙwayoyin seleniyam yakan sa cikin bismut selenayid ya riƙa zurarar da wuta. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga gwada nau'o'in maganaɗisu waɗanda su ma ba sa ɗaukar wuta.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa rage cin wutar ma'ajiyar kwamfuta ta wannan hanya ya dogara ne ga tilasta wa wutar ta bi ta kan fatar kaɗai.