Malamin Makaranta, Sojan Ko-ta-kwana

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba kowannenmu zai karɓi takardar shaidarsa ya kama gabansa. To, in mutum ya bar makaranta, me ya rage tsakaninsa da ita? Ina so in amsa wannan tambaya da labarin wani malamin makaranta na ƙasar Amurka, sunansa Earl Rudder, wanda ya ƙare kwanakinsa yana bauta wa ƙasarsa da tsohuwar makarantarsa. Amma kafin in shiga labarin, sai na bayyana abubuwa biyu.

Na fari shi ne sojan ko-ta-kwana. Wannan mutum ne da ya koyi aikin soja, amma ba ya zama a bariki. Yana nan cikin gari yana sana'arsa, ko noma, ko ciniki, ko koyarwa. Loto-loto ya kan sa kayan sarki ya tafi rawar daji don kada ya manta da abin da ya koya, ran da yaƙi ya tashi kuwa sai a kira shi. A Amurka wannan abu yana da alaka da makarantu ƙwarai, gama a 1862 Shugaba Lincoln ya sa hannu a wata doka wadda ta ba jihohi filaye su sayar su gina kwalejojin noma da sana'o'i, da sharaɗin a riƙa koyar da dabarun soja a ciki. Ɗaya daga cikinsu ita ce kwalejin jihar Teksas da a ke kira A&M, wadda aka buɗe a 1876. Dā maza kaɗai ta ke ɗauka, kowane ɗalibi kuwa tilas ya sa kaki ya yi fareti.

Na biyu shi ne ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Ta wannan kwaleji an kafa ta tun 1879. Aikinta shi ne ta riƙe sunan kowa da inda ya ke, ta tara gudunmawa don makaranta, ta taimaki ɗalibai marasa hali, ta kuma tara jama'a kowace shekara ran 21 ga Afrilu. A irin wannan rana a 1942, sa'ad da sojan Japan su ke ruwan wuta a kan tsibirin Corregidor a ƙasar Filifin, Janar George Moore ya sa aka rubuta sunayen tsofaffin ɗaliban da ke tare da shi, su wajen 25, aka aika gida. Da shekara ta kewayo, sakataren ƙungiyar, E. E. McQuillen, ya rubuta wa rassa ko'ina, ya ce duk inda su ke su taru su tuna da matattunsu. Har wa yau haka a ke yi. A kan kira sunan duk wanda ya rasu cikin shekarar, a kunna kyandir, wani aboki ya amsa a madadinsa.

To, ga inda Rudder ya fito. An haife shi a 1910, ya gama A&M a 1932, aka ba shi muƙamin ƙaramin laftanan cikin sojan ko-ta-kwana. Daga 1933 ya shiga koyarwa a wani ƙaramin gari mai suna Brady, yana kuma koya wa yara ƙwallo. Shekara takwas yana riƙe da alli kafin a kira shi a 1941.

Ran 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Normandi a Faransa, aka ba shi aiki mai wuyar gaske. Akwai wani dutse a bakin teku, Pointe du Hoc, tsayinsa kamar ƙafa 100, an ce Jamusawa sun girke manyan igwa a bisansa. Rudder ya ja mutum 225, suka hau da igiya da tsani, abokan gaba suna harbinsu daga sama. Da suka kai, sai suka tarar an janye igwan. Suka bi sawu, suka same su a ɓoye can ciki, suka lalata su. Bayan kwana biyu, wajen mutum 90 ne kaɗai suka rage masu iya ɗaukar bindiga. Shi kansa sau biyu aka yi masa rauni.

Da yaƙi ya ƙare ya koma Brady, ya shugabanci garin daga 1946 zuwa 1952. Bai ajiye kaki ba, ya ci gaba da ko-ta-kwana har ya zama manjo-janar a 1957. A 1959 kuwa aka naɗa shi shugaban tsohuwar kwalejinsa.

A nan ne, a ganina, ya hau dutsen da ya fi na Faransa tsayi. Ya tarar makarantar ba ta ƙaruwa kamar sauran, domin samari da yawa ba su son kakin dole, ƙofa kuma a rufe ta ke ga mata da baƙar fata. Shi da hukumar makaranta suka ga in ba a sake hali ba, za a bar ta a baya. A 1963 aka fara ɗaukar baƙar fata, aka buɗe wa waɗansu mata ƙofa, ko da ya ke da sharuɗɗa, aka kuma mai da kwalejin jami'a. A 1965 aka ce fareti sai wanda ya ga dama.

Su wa suka fi tayar da jijiyar wuya? Da yawa daga cikin tsofaffin ɗalibai ne, watau 'yan'uwansa da suka sa kaki ɗaya da shi. Suka ce an ɓata musu makaranta. Amma ba wanda ya isa ya ce Rudder baƙo ne, ko ya ce yana ƙin soja, tun da ya ke shekara 35 ya yi cikin kaki kafin ya huta a 1967. Ɗan gida ya san inda ɗaki ke yoyo. Ya daure wa zagi bai ja da baya ba. Sa'ad da ya rasu a kan aiki ran 23 ga Maris 1970, ɗaliban sun kai 14,000, kusan ninkin waɗanda ya tarar. Yanzu sun haura 70,000, rundunar masu kakin kuma tana nan ba ta mutu ba.

Abin da na ɗauka daga wannan labari shi ne, tsohon ɗalibi kamar sojan ko-ta-kwana ya ke. Ya tafi sana'arsa, amma sunansa yana cikin littafi, ran da aka neme shi sai ya amsa. Sai dai akwai son makaranta iri biyu. Wani yana sonta ta zauna daidai yadda ya bar ta, don in ya zo ziyara ya tuna da ƙuruciyarsa. Wani kuwa yana sonta domin yaran da ba su zo ba tukuna. Na farin kansa ya ke so, na biyun shi ne mai bauta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun fita, mu bar adireshinmu a ofis, mu biya kuɗin ƙungiya kome ƙanƙantar albashi, mu zo taro in an kira. In kuwa wata rana muka ji an sake wani abu da muka saba da shi a nan, kada mu yi saurin fushi. Mu fara tambaya ko ƙannenmu za su ƙaru da shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.